Kafin ka sayi keken tsere na hannu, buɗe bakinsa ka duba haƙori

 Yau maganar keke za mu yi. Eh, keke dai da ka sani, wanda kake ganin ka wuce ajinsa tun ranar da ka fara riƙe babbar waya. Ka ɗan yi haƙuri ka karanta zuwa ƙarshe, domin wataƙila wannan rubutu ya tsare maka kuɗin da ka yi wata 6 kana tarawa.

Kwanakin baya ƙanena ya shigo gida da wani keke mai lanƙwasasshen hannu kamar ƙahon rago, ga siririyar taya, ga jan fenti sai ɗaukar ido yake. Irin wanda muke kira keken tsere. Kuɗin da ya tara a ƙwadagon damina da ɗan abin da yake samu a teburin cajin waya, kaf ya zuba a kai. Kafin ya gaida mutan gida har ya ɗora hoton a WhatsApp. Wanda ya sayar masa ya yi ta rantsuwa cewa keken bai wuce shekara 5 da ƙerawa ba, wai wani Bature ne ya ɗan hau ya gaji ya ajiye.

Ba a rufa mako biyu ba tayar baya ta tsage. Ya sayo sabuwa, aka yi juyin duniya ta ƙi hawa rim. Ya mayar, mai shago ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Muka tura keken wurin wani dattijo mai faci da muka taso muka gani a gindin bishiyarsa. Baba ya kalli keken, ya shafa gindin sirdi, ya juya feda baya, ya yi dariya ya ce wa ƙanena: “Yaro, wannan ai ya girme ka, ya girmi yayanka.” Daga nan muka kifa keken, muka goge baƙin mai, muka shiga neman shaida. A bayan sandar feda muka ga sunan Shimano da wasu ƙananan haruffa biyu, KF. Da muka warware lissafin, sai ga shi an ƙera sandar a watan Yunin 1986. An ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agustan 1991. Ka ga ke nan keken ya girmi jiharmu da shekara 5. Abin da mai sayarwa ya faɗa na “shekara 5” gaskiya ne ta wani gefen, sai dai bai ƙarasa zancen ba.

To ga ra'ayina, kuma a kansa zan tsaya. Tsufan keke ba aibu ba ne, da tsohuwar zuma ake magani. Aibun shi ne ka saya ba ka san shekarunsa ba, domin shekarun ne za su gaya maka irin kayan gyaran da zai ci, da ko ana samunsu a kusa da kai, da kuma kuɗin da ya kamata ka biya. Wanda ya sayi keken hannu don ƙyallin fenti da daɗin bakin dillali, cinikin biri a sama ya yi.

Me ya dawo da mu kan keke?

Kai ma ka sani. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, lita ba ta kai N200 ba a gidajen mai na gwamnati. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura N1,000 a wurare da dama. Mu mutanen Taura ba sai an yi mana dogon bayani kan abin da tsadar fetur ke jawowa ba, muna tuna daren Majiya na watan Oktoban 2024, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tun daga lokacin da mai ya tashi, baburan da yawa suka koma kwana a zaure, kekunan da aka rataye a rumbu aka sauko da su. Ɗalibin da ke zuwa lakca a Jami'ar Tarayya ta Dutse daga cikin gari, da malamin firamaren da aka tura ƙauye, da mai kai kaya kasuwar Gujungu ranar Lahadi, kowa ya sake yin lissafi.

Kuma ƙasarmu ta dace da keke. In ka cire duwatsun Dutse da kewayenta, yawancin tsakiyar Jigawa shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawan da zai fasa maka ƙirji. Abokan gabanmu uku ne: yashi, ƙaya da manyan motoci. Za mu zo kansu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke raina abin. In Bature ya hau keke a Holan sai mu ce wayewa ce, mu danna masa alamar so. In ɗan unguwarmu ya hau sai mu ce karayar arziki ce. A 2024 wata 'yar Najeriya, Ese Ukpeseraye, ta wakilci ƙasar nan a tseren keke a gasar Olamfik ta Paris, har sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga tseren cikin fili da shi. Mun yi ta surutu a kafafen sada zumunta kwana biyu, muka zagi hukumomi, muka wuce. Amma mu nawa ne muka tambayi kanmu yadda ƙasar da matasanta ke jin kunyar hawa keke za ta samar da 'yan tsere?

Yadda ake duba haƙorin keke

Je kasuwar dabbobi ta Gujungu ko Maigatari ka tsaya ka yi kallo. Babu mai hankalin da zai sayi rago don mai shi ya ce ɗan shekara biyu ne. Buɗe baki ake yi a duba haƙori. Keke ma haka yake, shaidarsa tana jikin ƙarfensa.

Fara da watsar da abin da ba shaida ba. Fenti ba shaida ba ne, ana sake shi da gwangwanin feshi. Sitika ba shaida ba ce, ana sayar da ita a kasuwa, kuma na sha ganin sunan babban kamfani a manne a jikin keken da bai taɓa sanin hanyar masana'antarsu ba. Sirdi, taya da feda su ma ana canza su. Abin da za ka nema shi ne rubutun da aka buga a cikin ƙarfe.

Na farko, haruffan Shimano. Wannan kamfanin Japan ne, kuma kayansa ne a jikin akasarin kekuna masu giya da ake shigowa da su. A bayan sandar feda, ko bayan birki, ko jikin na'urar canjin giya, za ka ga ƙananan haruffa biyu. Na farko shekara ne, na biyu wata. Lissafin ya fara da A a 1976, B 1977, haka har Z a 2001, sannan ya sake komawa A a 2002. Watanni kuma daga A, wato Janairu, zuwa L, wato Disamba. Shi ya sa KF ɗinmu ya zama Yunin 1986. Mai lura zai ce, to ai K na iya zama 2012 a zagaye na biyu. Gaskiya ne, kuma nan ne sauran shaidu ke shigowa. Kada ka tsaya a kan ƙarfe ɗaya. Duba uku ko huɗu. In duk sun nuna shekara ɗaya ko biyu a jere, to ka kama shekarun keken, domin galibi ana haɗa keke ne cikin watannin da suka biyo bayan ƙera kayansa. In ɗaya ya bambanta da sauran, wannan canza shi aka yi daga baya.

Na biyu, wurin canjin giya. In ƙananan sandunan canjin giya suna kan bututun da ya gangaro daga wuyan keke zuwa feda, sai ka sunkuya ka kai hannu, to tsohon yayi ne. Shimano ya fito da giya mai ƙas-ƙas, wadda kowane taki ke faɗawa gurbinsa, a 1984. Ya haɗe canjin giya da hannun birki wuri guda a 1990. Saboda haka keken tseren da ake canza masa giya daga hannun birki ba zai girmi 1990 ba, sai dai in ɗora masa aka yi. Haka kuma in wayoyin birki sun fito ta saman hannu sun yi baka a iska kamar gashin bakin kyanwa, alama ce ta kafin tsakiyar shekarun 1980, lokacin da aka fara ɓoye su a ƙarƙashin naɗin hannu.

Na uku, ƙirga haƙoran baya. Faranti 5 a tayar baya yayin shekarun 1970 ne. Faranti 6 ko 7 na shekarun 1980 ne, ko da yake kekuna masu araha sun ci gaba da zuwa da 7 har yau. Daga 8 zuwa sama, galibi an shigo 1990. In ka cire tayar baya ka auna tsakanin ƙafafun da ke riƙe ta, milimita 120 na mai faranti 5 ne, 126 na mai 6 ko 7, 130 kuma na 8 zuwa sama. Namu faranti 6 ne, milimita 126, giya a kan bututu. Shi ya rufe maganar 2012.

Na huɗu, lambar jiki. Kifa keken ka duba ƙarƙashin inda sandar feda ke juyawa, ko bayan bututun sirdi, ko gefen da tayar baya ke shiga. Kowane kamfani da tsarinsa. Ɗauki Raleigh, keken da kakanninmu suka yi tashen aure da shi, mai tambarin zalɓe, wanda asalinsa birnin Nottingham ne a Ingila, har ya taɓa yin masana'anta a Kano. Daga wajen 1974 lambarsa kan fara da haruffa biyu: na farko masana'anta, N na Nottingham, W na Worksop, na biyu wata, sai lambar farko da ta biyo baya ta nuna ƙarshen shekara. Ka ga 8 na iya zama 1978 ko 1988, sai ka haɗa da sauran alamu. Kuma Raleigh ya daina ƙera keke a Nottingham a 2002. In cibiyar tayar baya ta Sturmey-Archer ce, irin mai giya 3 a ciki, ka huta, domin suna buga shekara da wata ƙarara a jikinta.

Na biyar, jikin kansa. Ɗauki mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika ne. In ya kama, jikin ƙarfe ne. In bai kama ba, galibi alminiyam ne. Ƙarfen da aka haɗa gaɓoɓinsa da wasu 'yan kwalaye masu ado, bututu ya shiga cikinsu kamar hannu a aljihu, tsohon aiki ne. In ka ga ƙaramin tambarin Reynolds 531, irin bututun da aka fara yi a Ingila a 1935, kuma ka ɗaga keken ka ji shi sakayau, ka samu abin kirki. In kuma sandar feda da kota aka ɗaure ta, irin ta manyan kekunanmu na gida, to a keken tsere wannan alamar shekarun 1970 ne ko kafin nan.

Wayar da ke hannunka ta isa ta yi maka rabin aikin nan. Kunna fitila, ɗauki hoton lambar, buɗe shi da girma, rubuta sunan kamfanin da lambar a Google. Datar da kake ƙonawa a kallon rigimar da ba ta shafe ka ba, kashi ɗaya cikin goma ya isa.

Abin da shekarun ke gaya maka

Mu koma kan tayar da ta ƙi hawa. A gefen kowace taya ta kirki akwai lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 32-630 ko 25-622. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu faɗin da'irar rim, duka a milimita. Tsofaffin kekunan tsere da aka yi don kasuwar Ingila, Amurka da Japan da yawa suna da rim 630, wanda ake kira inci 27. Na zamani 622 ne, wanda ake rubuta wa 700C. Bambancin milimita 8 ne kacal, amma ko Sarkin Ƙarfi ne kai ba za ka sa wannan a wancan ba. Babban keken gida irin Raleigh da Phoenix 635 ne, ana ce masa 28. Abin dariyar shi ne Jamusawa ma 28 suke rubuta wa 622. Don haka ka daina cewa mai shago “ba ni lamba 27” ko “28”. Karanta masa lamba ukun nan, ko ka ɗauki tsohuwar tayar ka tafi da ita. Da ƙanena ya san wannan, da kuɗinsa na aljihunsa.

Sai maganar zare. Yawancin kekunan duniya yanzu tsarin Ingila suke bi a mazaunin sandar feda. Amma tsofaffin kekunan Faransa, irin su Peugeot na shekarun 1970, zarensu daban ne, har na feda. Na Italiya ma daban. Tsohon Raleigh na Nottingham shi ma da nasa zaren na gida. In ba ka sani ba, ka sa aka ɗaura kayan da ba nasa ba da ƙarfin tsiya, zaren ya cinye, ka kashe jikin keken gaba ɗaya. Kuma ka riƙe wannan ko a wane keke ne: fedar hagu zarenta a juye yake, ta hannun agogo ake kwance ta. Sifana nawa aka karya a kan rashin sanin wannan!

Ka ga dalilin da ya sa na ce shekaru ba don alfahari ake nemansu ba. Keken 1986 mai kayan Japan ya fi sauƙin riƙewa a Taura a kan na 1974 mai zaren Faransa, ko da na biyun ya fi kyau a hoto. Haka kuma sabon mai faranti 11 da birkin mai zai iya zame maka kaya, domin in sarƙarsa ta tsinke sai ka aika Kano, wataƙila Legas.

Kafin ka ce “na saya”

Akwai lahanin da ake gyarawa, akwai wanda ake gudu. Shafa yatsa a ƙarƙashin bututun nan biyu, daidai bayan wuyan keke. In ka ji ƙarfe ya tattare ko fenti ya yi tsaga a zagaye, keken ya taɓa yin karo gaba da gaba. Tsaya a gefe ka kalli fok, in ya karkato baya, labarin ɗaya ne. Ɗaura zare daga ƙafar baya ta dama, ka zagayo ta wuya, ka dawo ƙafar hagu, ka auna tazarar zaren da bututun sirdi a kowane gefe. In ba daidai suke ba, jikin ya murɗe. Ƙarfe yana karɓar miƙewa da walda a hannun gwani. Alminiyam in ya tsage, ka yi masa sallama, kada wani mai walda ya ruɗe ka.

Kwance noti ka ga ko sandar sirdi na motsi. Wadda tsatsa ta haɗe da jiki na iya cinye maka mako guda. Juya tayoyi ka ga ko suna rawa. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, in bututun sama na taɓa ka, ya fi ƙarfinka, komai arharsa. Araha ba ta ado.

Sannan ka gwada birki kafin ka hau titi, ka san wane hannu ke kama wace taya. Kekunan Ingila da Japan hannun dama ne birkin gaba. Na Amurka da yawancin Turai hagu ne. Wanda ya saba da ɗaya ya hau ɗaya, ya damƙe birkin gaba a guje, haƙoransa ne za su ba da labari.

Na ƙarshe kuma mafi muhimmanci, rasit. A rubuta lambar jikin keken a kai, da sunan mai sayarwa, a gaban shaidu. In ka ga an goge lambar da fayil, ko mai shi na ta waige-waige yana karya farashi, juya ka tafi. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma ranar da mai shi ya gan ka a kai, “ban sani ba” ba za ta hana ka kwana a bayan kanta ba. Kai ma in ka mallaka, ka ɗauki hoton lambar ka adana. Ku kuma masu sayarwa, ku ji tsoron Allah. Faɗin aibin kaya wajibi ne a ciniki, kuma ribar da aka ci da rantsuwar ƙarya ba ta zama.

Gyara: daga ina za a fara?

Kuskuren da muke yi shi ne farawa da kwalliya. Sabon fenti, fitila mai launi bakwai, sitikar Barcelona ko Arsenal, alhali birki ba ya kamawa. Ni a ganina tsarin shi ne: abin da zai kashe ka, sannan abin da zai kashe keken, sannan abin da zai burge mutane.

Birki ne farko. Robar da ta shekara 30 ta zama dutse ko da ba ta cinye ba, canza ta. Wayar da ta fara warwarewa, canza ta. In rim ɗinka ƙarfe ne mai ƙyalli, ka sani da damina in ya jiƙe birki ba ya kamawa da wuri, sai ka fara matsawa tun daga nesa. Duba sandar hannu da ta sirdi, akwai layin da aka zana a jikinsu, kada a ɗaga su ya fito waje.

Na biyu, boris. Giris ɗin da aka sa tun a masana'anta ya bushe ya zama kamar ƙanzo. A kwance cibiyar tayar gaba da ta baya, da mazaunin sandar feda, da wuya, a wanke da kalanzir, a duba ko mazaunin ya yi rami, a zuba sabbin ƙwallaye da sabon giris. Girman ƙwallayen ya bambanta, na baya da na feda sun fi na gaba girma, na wuya ne ƙanana, don haka kada a cakuɗa. A ɗaure yadda taya za ta juya sumul ba tare da girgiza ba. Wannan aikin ba shi da tsada, amma shi ne ke mayar da tsohon keke yaro.

Na uku, sarƙa. Ɗauki rula. A sabuwar sarƙa, gaɓa 12 cikakku inci 12 ne daidai. In ta ƙaru da kashi ɗaya cikin 16 na inci, canza sarƙar. In ta kai kashi ɗaya cikin 8, to ta riga ta cinye haƙoran baya, sai an canza su tare, in ba haka ba sabuwar za ta riƙa tsalle. Sarƙar babban keken gida ta yi wa mai giya kauri, nemi ta giya, kuma ta mai faranti 6, 7 da 8 duk ɗaya ce. Don Allah a rage yi wa sarƙa wanka da baƙin mai. A ƙasar yashi da ƙurar hunturu, man da ya yi yawa tattara ƙasa yake ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ɗigo kaɗan, a juya, a goge da tsumma.

Na huɗu, taya. Siririyar taya ta milimita 23 an yi ta ne don kwalta mai santsi. A hanyar gona nutsewa za ta yi, kuma tsidau na ganin ta zai yi murna. Sa mafi faɗin da jikin keken zai ɗauka. In rim ɗinka 630 ne, tayar kekunan Japan mai lamba 37-630 za ta hau, in dai akwai sarari tsakanin fok da birki. Ka duba bawul ma. Yawancin kekunan tsere siririn bawul gare su mai ɗan noti a kai, wanda famfon mai faci na bakin hanya ba lallai ya kama shi ba. Sayi ɗan mahaɗinsa ka ajiye a aljihu.

In kuma na'urar giyar ta mutu kuma babu irinta, kada ka jefar da keken. A cire ta, a rage sarƙa, a bar shi a giya ɗaya matsakaiciya. Tsofaffin jikuna masu dogon gurbin tayar baya suna karɓar wannan cikin sauƙi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, ba abin da ka rasa sai ƙas-ƙas.

Masu cewa ɓata kuɗi ne

Na san wani zai rubuto ya ce, Malam, duk wannan wahalar ta mece ce, ba gara a sayi sabo ba? Yana da hujja. Akwai keken da in ka lissafa taya biyu, sarƙa, haƙora, birki da kuɗin aiki, sun haura kuɗin sayensa. Irin wannan a bar shi. Kuma mai ɗaukar buhun gero ko jarkokin ruwa, keken tsere ba nasa ba ne, babban keke mai kariya shi ne daidai da shi. Amma wanda tafiyarsa a kan kwalta take, daga gida zuwa makaranta ko wurin aiki, tsohon jiki mai kyau da aka yi wa gyaran kirki ya fi sabo mai arha wanda noti ke cinyewa tun a watan farko. Shi ya sa na ce a yi lissafin kafin a biya. Ka tafi da mai gyara kasuwa, ka ba shi ɗan na goro. Rigakafi ya fi magani.

Wani kuma zai ce hanya ba ta da aminci. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba. Titin da ya ratsa Taura da Gujungu na tireloli ne da tankoki, ranar kasuwa kuwa sai addu'a. Ka bi hannunka na dama, kada ka yi gaba da gaba da motoci. Ka sa fitila gaba da baya da abin ƙyalli, ka cire abin jin waƙa daga kunne, ka nemi hular kwano. Hukumomin jiha da na ƙananan hukumomi kuma, in ana gina sabon titi a Dutse ko Ringim, a tuna da masu keke a bar musu gefe. Ranar 3 ga Yuni ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018 a matsayin ranar keke ta duniya. Hawa na rabin awa a gaban kyamara ranar bai wadatar ba.

Kujerar da ke gindin bishiya

Abin da ya fi tsaya min a rai a duk wannan lamari shi ne Baba mai faci. Bai san haruffan Shimano ba, bai taɓa buɗe Google ba, amma da hannu ya gane shekarun keken, kuskurensa bai wuce shekara biyu ba. Yana miƙe rim da kunne, yana jin sifok ɗin da ya saki. Da na tambaye shi yara nawa ke koyo a wurinsa, sai ya nuna min benci babu kowa. Duk sun tafi acaba ko sun zauna jiran aikin gwamnati.

Ga kekuna na ƙaruwa, masu giya na shigowa daga Turai da Japan, masu gyaran da suka san su kaɗan ne. Dattawan na da hannu, kai kana da waya da karatun boko. In aka haɗa biyun, sana'a ce da jarinta bai wuce sifanu, filaya, famfo, giris da sholisho ba. Saurayin da zai iya karanta lambar taya, ya saita giya, ya gaya wa mai saye gaskiyar shekarun keke, ba zai rasa abin sawa a baki ba tsakanin Taura, Ringim da Dutse. Ke ma 'yar uwa, in ƙaninki ko ɗanki za a saya wa, karɓi wayar ki duba lambar da kanki, ba a rubuta cewa ilimin na maza ne kaɗai ba.

Ƙanena dai yanzu kullum bayan la'asar yana kan bencin nan. Keken 1986 ya samu tayar da ta dace da shi, da sabon giris, da birki mai kamawa. Jan fentin ya fara ɓarewa, asalin shuɗin na leƙowa daga ƙasa, ya ce a bar shi haka. Kuɗin tayar farko kuwa sun tafi, mun sa su a kuɗin makaranta.

In akwai tsohon keke a zaurenku ko a rumbun kakanka, sauko da shi a ƙarshen makon nan. Goge bayan sandar feda, ka ɗauki hoton abin da ka gani, ka warware lissafin da kanka, sannan ka tura shi wurin mai gyaran unguwarku ka zauna ka ga yadda ake yi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.